Jan Alli a Ƙafar Tanki

A gidan marigayi Malam Audi da ke Sheme, mutum biyu ne ke cin abinci da ƙarfe, kuma ciki ɗaya suka fito. Babban, Muhammad Awwal, mai walda ne, rumfarsa na ƙofar gida a bakin titi. Ƙaramin, Jabiru, ba ya haɗa ƙarfe, duba shi yake yi. Ya yi shekaru a wani kamfanin shimfiɗa bututu a kudu, da aikin ya ƙare ya dawo gida da wata na'ura a cikin baƙar jaka.

Ɗan akwati ne mai gilashi a fuska, da waya, a ƙarshen wayar kuma akwai wani kai kamar murfin kwalba. Sai ya goge ƙarfe, ya shafa masa mai, ya ɗora kan. Kan nan yana tura wani sauti da kunnen mutum ba ya ji, ya ratsa ƙarfen ya bugi bayansa ya dawo, kamar yadda murya ke dawo maka in ka yi kira a bakin rijiya. In ƙarfen lafiyayye ne, amsa ta dawo a kan lokacinta. In akwai tsaga a ciki, ko tsatsa ta ci shi, sai amsar ta yi gaggawa, wani layi ya miƙe a gilashin. Kafin a jima masu gidajen mai na Ƙanƙara sun san shi, haka masu injin niƙa da direbobin manyan motoci har ƙasar Sabuwa.

Wata rana wasu mutum biyu suka tsaya da babur a gaban rumfa.

"Malam, nan ne gidan Injiniya?"

Awwal ya ɗage baƙin gilashin da ke fuskarsa. "Wane Injiniya?"

"Jabiru mana, mai jin ciwon ƙarfe."

"Ku yi sallama a zaure. Ni yaronshi ne."

Ba su gane baƙar magana ya yi ba. Ɗayansu har ya ce ya kula masu da babur. Jabiru yana zaure, ya ji komai, ya kuma ga yadda wansa ya mai da gilashin ya ci gaba da ƙona wurin da ya riga ya haɗe.

Shekarar da aka haƙa masu burtsatse, Awwal ne ya yi wa tankin gidan ƙafa: dogayen bututu huɗu, ya shafe su da shuɗin fenti, ya ɗora ƙaton tankin roba a sama. Duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya gani. Ƙarƙashinsa akwai inuwa da sanyi, don haka mahaifiyarsu, Hajiya Adama, ta mai da shi wurin zamanta. Nan take shimfiɗa tabarma ta ɓare gyaɗa, ta ja carbi, jikoki na wasa a gefenta.

Wata safiya Jabiru ya durƙusa gaishe ta, idonsa ya sauka a gindin ƙafa ɗaya. Wani jan ruwa ne ke tsattsafowa daga ƙarƙashin fenti. Ya tashi ya ɗauko jakarsa.

"Auta, mi kake nema a nan?" in ji ta.

"Inna, kin tuna hoton cikin da aka yi wa Mansura a Funtuwa? Irin shi ne, sai dai wannan cikin ƙarfe yake dubawa."

"To, in ka gama ka gaya mani, mace ce ko namiji."

Matan gida suka kwashe da dariya, har da Mansura, matar Jabirun, da ke tankaɗe da ƙaramin cikinta. Shi bai yi dariya ba. Ya kankare fenti kaɗan, ya ɗora kan, ya ɗaga, ya sake ɗorawa. Bututun da ya kamata ya yi kaurin ɓawon kwakwa bai fi ɓawon ƙwai ba. Tsohon bututun ruwa ne, irin wanda ake saye a wurin 'yan gwangwan, tsatsa ta cinye shi ta ciki, fenti ne kawai ya rufa masa asiri.

A nan hannunsa ya riga tunaninsa. A kamfani, duk inda aka sami aibi, a take ake yi masa alama da jan alli don kada a ɓace wurin. Ya zaro allin ya ja layi biyu da suka gitta juna, irin alamar da malamin boko ke yi wa yaron da ya faɗi lissafi. Yana miƙewa Awwal ya shigo shan koko.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Yaya. Dama ina son mu yi magana a gefe."

"A gefe? Ka rubuta a tsakar gida, gaban matata da ɗiyana, sannan ka ce a gefe?"

"Ba haɗinka ba ne, Yaya, bututun ne. Ya mutu ta ciki. A zubar da ruwan mu canza ƙafafun, ni zan..."

"Kai za ka mi? Ka taɓa riƙe sandar walda? Dubi idona. Da tartsatsin wutar nan na kai ka makaranta, yau ka dawo da rediyo a jaka kana ba ni maki."

Jabiru ya dubi mahaifiyarsu. Ta kau da kai tana tsince gyaɗa. Awwal ɗan fari ne, kuma Hajiya Adama tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye. In za ta ambace shi sai ta ce "mai rumfa". A garin ana yabonta da wannan, ita ma tana jin daɗin yabon.

Da Awwal ya fita, Jabiru ya matso. "Inna, ke kaɗai zai ji. Kalma ɗaya."

"Ni in yi wa mai rumfa magana? Da girmana? Je ka wurin Babanku Gide."

Baba Gide ƙanen mahaifinsu ne, Awwal ke kai masa buhun masara duk kaka, shi ke gyara masa ƙyaure da garma kyauta. Ya saurari Jabiru yana sakace, sannan ya ce, "Mu da muka kwana ƙarƙashin azara da laka har muka tsufa, yau ƙarfe ne zai ba mu tsoro? Ba ƙarfe ne ya tsage ba, ladabi ne. Je ka goge abin da ka rubuta, ka ba wanka haƙuri."

Ya je ya goge da tsumma, ya durƙusa a rumfa ya ba da haƙuri a gaban masu jiran aiki. Abu ɗaya ya roƙa: a riƙa tsayar da ruwan a rabi. Awwal ya ce ya ji. Tun daga ranar, shi da kansa yake kunna injin ruwa, ba ya kashewa sai tanki ya cika ya tumbatsa, ruwa na kwarara ta ƙafafun, ƙasan wurin ya zama taɓo.

Ana nan sai shaf ɗin injin niƙan Alhaji Muttaka na Damari, wato sandar ƙarfen da ke juya injin, ya karye. Watannin baya Jabiru ya duba shi, ya ce akwai tsaga a ciki, a canza. Alhaji bai canza ba. Da ya kawo guntayen rumfar Awwal a haɗa masa, Awwal ya juya su a hannu yana girgiza kai.

"Alhaji, ƙanena ne, bai kamata in faɗa ba. Amma ka yi tunani: abin da ke tura ƙara cikin ƙarfe, ba girgiza shi yake ba? Shekara nawa injin nan na aiki lafiya? Yaushe ya fara ciwo?"

Alhaji Muttaka ya ce, "Wallahi, sai da ya ɗora mashi abin nan."

Ranar kasuwar Ƙanƙara maganar ta gama tasha. Aka ce duk ƙarfen da Jabiru ya taɓa, kwanansa ya ƙare. Direban da ya yi alkawarin kawo motarsa bai zo ba. Wani mai gidan mai da ya saba tarbarsa da lemo ya hango shi daga nesa ya ɗaga hannu: "Injiniya, tsaya daga nan, kada ka matso kusa da tankina da jakar nan." Jabiru ya tsaya a rana yana bayani, cewa sautin bai kai ƙarfin bugun farce ba, cewa shi gani yake yi ba yi ba. Yaran gidan man suna dariya. Ya hau babur ya dawo kafin la'asar, don hanyar ba a yin yamma a kanta.

A gida ma abin ya sauya. Da can kwanonsa da na wansa tare ake fitarwa zaure su ci. Yanzu Awwal a rumfa yake ci. Sai wata safiya Mansura ta je famfo da bokiti, Suwaibatu matar Awwal ta tare ta.

"Maigidan ya ce tunda tankin zai faɗi, kada ki zo kusa, ki ji ciwo a ce mu ne."

"To ina zan ɗebo?"

"Rijiyar bayan masallaci ba ta da ƙafa, ba ta faɗuwa."

Jabiru ya hana Mansura zuwa, ya riƙa ɗebowa da kansa da jarka biyu, yana wucewa ta gaban rumfa ana kallonsa. In ya fita neman aiki kuwa, ita ke zuwa, ta dawo tana riƙe da ƙugu. Wata rana ta ajiye bokiti ta ce, "Mu tashi daga gidan nan mana."

"In bar Inna a ƙarƙashin wancan?"

"Ita ta ce ka tsare ta?"

Ya je ya sami Hajiya Adama a kan tabarmarta. "Inna, ban ce ki yi wa kowa magana ba. Ki dai mai da tabarmar nan gindin darbejiya."

Ta daɗe tana jan carbi. "In na ɗauke tabarmar nan yau, gobe duk Sheme za a ce uwa ta tabbatar aikin ɗanta ba shi da kyau. Ina zai sa kanshi? In na zauna kuwa, kai kaɗai za ka ji haushi. Kai kuma kana da haƙuri, Auta."

Haka ake yi a gidaje da yawa: a dubi wanda ya fi iya haɗiyewa, a ɗora masa, a kira abin zaman lafiya.

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci bai ga jakarsa a ɗaki ba. Ya same ta a rumfa, a ƙasa, cikin guntayen rodi. Kan na'urar ya narke ya dunƙule, wayar ta ƙone har gindi.

"Baba Gide ya ce a ɗauke ta kafin ta lalata wani abu a gidan nan," in ji Awwal, bai ko ɗago ba. "Na so in buɗe in ga mi ke ciki, wuta ta yi yawa. Ka yi haƙuri. Ai kai Injiniya ne, ka gyara."

Jabiru ya ɗauki jakar ya rungume. Ya shiga gida bai ce komai ba, aka yaba masa da ladabi.

Abin da ya rage masa shi ne itace. Ya sari manyan gwafanni biyu a gonarsu, ya kawo ya tokare gindin tankin ta ɓangaren ƙafar da ta mutu. Kwana ɗaya suka yi. Washegari Awwal ya sa gatari ya faskara su, ya zube wa Suwaibatu a madafa. "Aikina ba gurgu ba ne da zai dogara sanda," in ji shi. Da su aka dafa tuwon ranar, har aka aiko wa Jabiru nasa.

Tunda ba shi da wurin zuwa, sai ya zama kullum yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana kallon tankin. Matan gida suka sa masa suna mai gadi.

Farkon damina, bayan azahar, hadari ya taso daga gabas. Tanki cike yake, yana ɗiga. Hajiya Adama tana tattara gyaɗarta, 'ya'yan Awwal biyu na tsalle suna murnar iska. Jabiru ya ji wata ƙara, siririya, kamar ta ƙyauren da ya daɗe ba a buɗe ba. Ya zabura. Ya fizgi yaran ya wurga su gefe, ya kama mahaifiyarsa ta kafaɗa ya tura ta waje da ƙarfinsa duka. Da ya juya zai bi ta, ƙafarsa ta zame a taɓon nan na ruwan da ke tumbatsa kullum. Tankin ya sauko.

A asibiti a Funtuwa likitoci suka shafa masa mai a ciki, suka ɗora wani kai mai waya suna kallon gilashi, suka ce ba jini a ciki, an gode Allah. Awwal yana tsaye a bakin ƙofa, ya kalli abin, ya juya yana kallon bango. Ƙafar dama ce ba ta gyaru ba. Suka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Yana kwance labarin gida ya iso masa. Bututun ya karye daidai inda ya taɓa yin alama, har ana ganin sauran jan alli a gefen fentin. Awwal ya ɗauki guntun yana nuna wa masu zuwa jaje.

"Kun gani? Ƙafa huɗu na yi. Wacce ta karye? Wadda ya ɗora wa abin nan. Na yi magana, na yi magana, har ƙone ta na yi don in cece shi. Amma ƙanena ne, ba zan yar da shi ba."

Mutane suka ce Allah ya saka masa da alheri. Baba Gide ya ce ƙaddara ce, a bar tone-tone.

Ranar da aka dawo da Jabiru, gida ya cika da masu barka da arziki. Aka sauke shi daga mota aka zaunar da shi a kan kujera a tsakar gida. Abin da ya fara gani shi ne sabon tanki a sama, ƙafafunsa huɗu sun sha koren fenti, tabarmar Hajiya Adama kuma tana ƙarƙashi. Sai Awwal ya fito daga rumfa ɗauke da sandunan dogarawa guda biyu, na ƙarfe, su ma korra, an naɗe masu soso a wurin hammata.

"Da hannuna na yi maka," in ji shi da ƙarfi, don kowa ya ji.

"Kun ga ɗan'uwa," in ji Baba Gide. "Karɓi mana, ka yi godiya."

Jabiru ya karɓi ɗaya. Ba ta da nauyin da ya kamata. Ya ƙwanƙwasa ta da farce kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa ƙasa kaɗan. Ya ɗaga kai ya dubi ƙafafun sabon tankin. Sannan ya jingine sandar a jikin kujera, ya ce, "Na gode, Yaya." An koya masa shiru, ya kuma iya.

Hajiya Adama tana kallon fuskarsa. Ta san fuskar nan, ita ce ta safiyar jan alli. Ta tashi a hankali, ta ɗauki sandar, ta kwantar da ita a kan dutsen wanki. Ta ɗauko taɓarya. Tsohuwa ce, ba ta da wani ƙarfi, amma bugu ɗaya sandar ta loɓa kamar gwangwanin madara. A na biyu ta fashe, jan gari ya zubo a kan dutsen.

"Muhammadu Awwalu."

Awwal ya waiga yana neman wanda ya kira shi, don bai san sunansa a wannan muryar ba.

"Da kai nake, Muhammadu Awwalu. Wannan ma Auta ya ɗora mata abin nan? Ba kai ka ƙone shi ba?"

"Inna, ragowar bututu ne, ban..."

"Ka cinye mashi ƙafa ɗaya, ka kawo abin da zai karya ɗayar. Zubar da ruwan can. Ka sauke tankin nan kafin rana ta faɗi."

"Subhanallahi, Hajiya!" in ji Baba Gide, ya dafe ƙirji. "Ɗan fari? A gaban mutane?"

Ba ta kula shi ba. Ta naɗe tabarmarta ta kai gindin darbejiya, ta zauna ta rufe fuska da mayafi. Kafin magariba an sauke tankin.

Maganar nan ba ta fi numfashi ɗaya ba. Tana bakinta tun safiyar da aka ga jan ruwa a gindin bututu, ta riƙe ta rani guda cur.

Ba a daɗe ba Mansura ta haihu. Ranar suna Jabiru yana zaune a zaure yana karɓar gaisuwa, sandar icce na jingine a gefensa, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe da fil. Ta katanga yana jin matan unguwa a cikin gida suna ƙus-ƙus a kan tuwo. Ba zancen tanki suke ba, ba kuma na ƙafa ba, wannan an gama shi, ƙaddara ce. Zancen Hajiya Adama suke, cewa tsufa ya fara taɓa ta. Mace mai kunya irin wannan, a ce ta kama sunan ɗan farinta har sau biyu.